Inda Ya Ɓalle

Ran Talata ake kawo su daga asibiti,
cikin kwalba, suna kaɗawa kamar tsakuwar rafi.
Ba suna, ba unguwa. Ni ke ba su lamba.
Wannan ya ci fufu a Bantama,
wancan ƙila tuwon zafi a Aboabo,
a teburina duk dangi ne.

Na ashirin da bakwai turmi ne, ja wur a gindi.
Ba sai an faɗa mini ba: goro ne,
goron shekara talatin ko fiye.
Na daɗe ina juya shi a bakin hantsaki
har Madam Serwaa ta ɗago kai: Zuwera, lokaci.

Na goge masa kai har ya yi sumul,
na ɗiga tsami, na ƙirga goma sha biyar, na wanke.
A nan ake gane hannu.
In ya bushe ƙayau, gam ba ya shiga,
in ya jiƙe sharkaf, gam ya yi iyo a banza.
Danshi ake so, irin na ganyen da ake rufe goro.
Sai gam, siriri, da burushi kamar gashin ido,
sai shuɗin haske, daƙiƙa ashirin,
sai in dasa masa ciko a ka,
ɗan ginin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Daga nan wanka.
Kwano mai zafi, kwano mai sanyi,
hannun inji na tsomawa yana ɗagowa
sau dubu biyar, dare da rana.
Kokon safe ke nan da ruwan ƙanƙarar azahar,
watannin baki an dunƙule su cikin kwana huɗu.
In an ɗauke wuta, in rubuta inda aka tsaya,
in zauna ina jin ruwan Kumasi a kan rufi.

Ranar awo ba a hira.
Bakin ƙarfe na saukowa kan cikon,
tafiyar da ko inuwa ta fi ta sauri,
lambobi na hawa a allo,
sha takwas, sha tara, ashirin da ɗaya,
ni kuwa numfashi a riƙe, kamar ni ake dannawa.
Ƙas.
Karyewar ashana ma ta fi shi ƙara.

Madam ba ta fara tambayar lamba.
Ina ya ɓalle? Ita ke nan kullum.
Sai in kai ido madubi.
Wani gam ya saki salin-alin,
fuskar haƙori fes, kamar ba su taɓa gaisawa ba.
Wani cikon ne ya rabe biyu.
Na ashirin da bakwai fa,
gam ya ƙi saki. Haƙorin ne ya ɓantare,
cikon ya tafi da guntunsa manne a ƙafa.

Ta ce a ware shi daga lissafi.
Wai bai gaya mana ƙarfin gam ba,
raunin kansa ya gaya mana.
Na ja masa layi da jan biro,
amma ban danna sosai ba, ana iya karantawa.

Da yamma na hau motar Asawase.
Baba Sallau na ƙofar gida da huhunsa.
Sau uku aka cike masa turmin dama,
sau uku ya tofo cikon a tafin hannu,
na ƙarshe a bikin suna, cikin naman rago,
ya naɗe shi a takarda kamar laya.
Na huɗu ya ce su cire, ya gaji da biya.

Ya ce, wai me kike yi ne a wurin nan har magariba?
Na ce, Baba, in haɗa abu, in jira kwana biyar, in karya.
Kuma su biya ki?
Su biya ni.
Ya yi dariya har harshe ya leƙa giɓin.
Sannan ya sa farce ya ɓare fari ɗaya,
ya miƙo mini rabi,
ya tura nasa can hagu, inda sauran ke nan.